Yadda Muka Kai Gwaggo Kwatano Neman Magani

Tun da na dawo ban sha shayi da zafinsa ba. Ina zama a teburin mai shayi a bakin ma'aikatarmu da ke Garki, sai wani ya jawo benci ya ce, "Malam Isiyaku, wai da gaske har Kwatano kuka kai ta?" Kafin in kai Lokoja a labarin shayin ya huce, wani sabo kuma ya iso ya ce in koma farko. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, tunda yanzu hannuna ya fara iyawa. Wanda ya iya karatu ya karanta. Wanda bai iya ba, ajinmu yana nan a Ushafa bayan la'asar, akwai wuri a bencin baya.

Gwaggo dai ba mutum ba ce, kwamfuta ce. Wata ƙungiya ce ta kawo ta ajinmu na yaƙi da jahilci shekarun baya, da darussan Hausa a cikinta. Muryar mace ke magana. In ka danna harafin da ya dace ta ce, "Madalla." In ka kuskure ta ce, "Sake gwadawa." Ba tsaki, ba harara, ko da sau hamsin ka kuskure. Malama Hauwa tana ƙoƙari, amma ita kaɗai ce a kanmu, mu kuwa mun yi yawa kuma kawunanmu sun yi tauri. Ni aikina ban ruwan furanni ne da aske ciyawa, na kama alƙalami da furfura a gemuna, kuma a gaban Gwaggo ne kawai ba na jin kunyar kuskure. Mama Ladi mai ginin tukwane ce ta raɗa mata sunan, ta ce muryar sak ta ƙanwar babanta.

Wata rana muka kunna ta, sai ta ƙi gaishe mu. Wani rubutun Turanci ya fito a allon. Malama ta karanta ta ce wai wa'adin darussan ya cika, sai a sabunta. Aka nemi ƙungiyar da ta kawo ta, aka tarar ta daɗe da naɗe tabarmarta. A cikin makon kuma saƙo ya zo daga ofishin ilimin manya cewa jami'i zai zo dubawa a ƙarshen wata, kuma duk ajin da ba shi da na'ura mai aiki za a haɗe shi da na Bwari. Matan ajinmu daga wurin gasa tukwane suke zuwa, su koma su ɗora tuwon dare. Ni daga Garki nake tsallakowa da ƙyar. In aka ce Bwari, to an rufe ajin ke nan, sai dai ba a faɗa da baki ba.

Aka yi karo-karo, aka zaɓe ni in kai ta gyara, wai don ba na fushi. Aka haɗa ni da Baba Yohanna, mutumin Filato, tsohon maigadi, wai don ya iya Turancin buroka, kuma shi yana fushi. Malama ta ce tafiya tana bukatar duka biyun.

Mun fara da Emeka, mai gyara a wata filaza a Garki. Ya jona ta, ya duba, ya yi dariya.

"Baba, wannan abu lafiya lau. Ba ciwo ko ɗaya."

"To me ya hana ta magana?"

"Kamfani ne ya ce ya isa haka. Ya yi esfaya. Ku sayi sabo."

Na ce to sabuwar za ta zo da darussanmu? Ya buga a wayarsa ya daɗe yana nema, sannan ya ce kamfanin ya mayar da komai intanet, ana biya wata-wata, kuma sun cire na Hausa domin ba ciniki.

Baba Yohanna ya ce, "Tsaya in gane. Tsoho yana da Hausa amma an rufe bakinshi. Sabo bakinshi a buɗe amma ba Hausa. Wane ne ya zauna ya shirya wannan?"

Emeka ya ce shi dai gyara yake yi, ba shari'a ba. Amma in akwai mai iya buɗe mata baki, yana Legas.

Shirin tafiyar matan ajin ne suka karɓe shi daga hannunmu. Na samo kwali, Mama Ladi ta kalle shi ta ce ko tukunyar shayi ba za ta sa a ciki ba. Suka kawo babban kwandon da suke kai tukwane kasuwa, suka shimfiɗa busasshiyar ciyawa, suka zaunar da Gwaggo a tsakiya, suka cusa ciyawa ta kowane gefe har yatsa ba ya shiga, suka ɗaure da igiya. Allon da sauran tarkacen muka bari a gida, akwatin ƙarfen kawai muka ɗauka, domin Emeka ya ce a nan ƙwaƙwalwar take. Mama Ladi ta ce, "Randata ta je har Kaduna a haka ba ta tsage ba. In kuka fasa ta, laifinku ne."

Mun shiga motar safe. Kwandasta ya ce kwandon ya biya kuɗin kujera ko ya shiga but. Baba Yohanna ya yi faɗa, ni na ba da haƙuri, ƙarshenta dai but ɗin ta shiga. Abin da ba a gaya mana ba shi ne wata mata ta sa akuya biyu a ciki. Da aka tsaya cin abinci a Lokoja na je dubawa, na tarar sun cinye rabin ciyawar, ɗaya tana lasar inda ake jona waya. Mai akuyar ta ce ai ba ta san ciyawar tana da mai ita ba. Muka roƙi ganyen ayaba wurin wata mai tuyar kifi muka cike gurbin, don haka daga Lokoja zuwa gaba Gwaggo ƙamshin kifi take yi. Kifin kansa ba laifi. Girman ɗaya ya kai tsawon hannuna, sai dai yajin da suka barbaɗa masa ya sa na sha ruwan leda uku a jere.

Bayan Okene wani mai tallan magani ya miƙe a cikin motar da kwalba ɗaya, ya ce tana maganin basir, shawara, mantuwa da mugun mafarki. Baba Yohanna ya ɗaga hannu ya tambaye shi ko tana maganin esfaya. Mutumin ko ƙifta ido bai yi ba, ya ce cokali biyu safe da yamma.

A Legas mun sauka Agege wurin wani ɗan garinmu mai sayar da goro. Ɗakin da ya ba mu rabinsa huhun goro ne, muka raba sauran rabin mu uku, Gwaggo a tsakiya. Da safe ya kai mu wurin mai amala. Tuwo ne baƙi na garin doya, da miya mai yauƙi fiye da kuɓewa, in ka ɗauko loma sai ta biyo ka har baki tana neman komawa kwano. Wani abu da na gani ya burge ni, saurayi da wando mai tsada ya kwanta rub da ciki a ƙasa yana gaida tsohuwa. A Abuja yaro yana gaishe ka da hannu ɗaya, ɗayan yana kan waya.

Kasuwar kwamfuta ta Ikeja kuwa, ban taɓa ganin wurin da ake son mutum haka ba. Kowa yana jan rigarka, kowa ɗan'uwanka ne. Baba Yohanna ya ce tunda mun zo bari a duba masa wayarsa, wadda 'yarsa ta saya masa shekara biyu da suka wuce, yanzu kafin ta buɗe sai ya gama shan koko. Wani saurayi ya juya ta ya ce batirin manne yake ba a cirewa, kuma sabbin abubuwan da ake turo mata sun fi ƙarfinta.

"Dadi, wannan waya ya tsufa."

Baba Yohanna ya ɗaga ƙafarsa ya nuna masa takalmi. "Wannan takalmi ya girme shi da shekara goma, kuma kullum a ƙasa yake tafiya."

A bayan shagunan na ga tsibin matattun wayoyi da kwamfutoci ya fi tsayina. Na tambayi wanda ke tsaron wurin me ya kashe su, ya ce yawancinsu in ka jona za su kama, kawai dai an daina yayinsu ne daga can sama. Sai na tuna tukunyar Ushafa. Tana dafa miya har ta tsage, a mayar da ita ma'ajiyar gero, ta fashe, kaji su sha ruwa a kaskonta. Ba wanda ke aiko mata da saƙo cewa wa'adinta ya cika.

Mai gyaran da Emeka ya tura mu wurinsa Oga Tunde ne, mutum mai fara'a. Ya kwance murfin Gwaggo, ciyawa ta zubo masa a cinya. Ya sunsuna ya ce, "Kifi kuma?" Muka ce doguwar magana ce. Ya duba ya ce aiki mai sauƙi ne, zai wanke mata ƙwaƙwalwa tas ya zuba sabon abu, ta tashi garau.

Na ce, "Darussan fa?"

"Su ma za su tafi. Za ta tashi, amma ba za ta san ku ba."

Gaskiya na yi tunanin karɓa, domin jami'in na'ura mai aiki kawai ya ce, bai ce mai Hausa ba. Amma na hango Mama Ladi a gaban allon da ba ya cewa madalla, na ce a'a. Oga Tunde ya mayar da murfin, bai karɓi ko sisi ba. Ya ce akwai wata mata a Kwatano, Madam Salamatu, aikinta ke nan raya tsofaffin na'urori na masu ɗab'i da ƙananan asibitoci waɗanda ba su da halin canzawa. Baba Yohanna ya ce, "Daga can kuma za su ce mu je Ghana." Amma shi ya fara ɗaukar kwandon.

A bakin iyaka, a Seme, jami'in kwastan ya buga kwandon da sanda ya ce tukwane ne? Na ce kwamfuta ce. Ya sa aka kwance. Ya kalle ta, ya kalle mu, ya kira abokan aikinsa su zo su gani.

"Shekara da shekaru ina wurin nan," in ji shi, da Hausar da ya koya a Sakkwato, "kowa shigo da tsofaffin nan yake yi. Ku ne na farko da na ga kuna fita da ita. Sayarwa za ku yi?"

"Asibiti za mu kai ta, ranka ya daɗe."

Ya nemi dokar da ta hana bai samu ba, ya nemi wadda ta yarda ita ma bai samu ba. Ƙarshe ya ɗauki alli ya zana gicciye a gefenta, ya ce in mun dawo zai gane ta, kada a caje mu kuɗin shigo da kaya. Baba Yohanna ya ce ga shi an yi mata baftisma. Na ce sunanta dai bai canza ba.

Kwatano garin babura ne. 'Yan acaɓansu duk da riga ruwan ɗorawa, mata ma suna tuƙa nasu da zani da jaka a kafaɗa, ba mai juyowa ya kalle su. Fetur a manyan kwalabe ake sayarwa a gefen titi kamar man ja. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, bayansa tauri cikinsa iska, Baba Yohanna ya ce in ɓarawo ya zo da shi za mu kare kanmu. Mai masaukinmu a zango, unguwar Hausawa, wani dattijo mai sayar da tabarmi, ya karɓe mu kamar ya san iyayenmu, ya ba mu kafa, wato agidi, da miyar tumatir da soyayyen kifi. Hausarsa daidai take, sai dai jefi-jefi yana sa mata Faransanci kamar yadda mu a Abuja muke sa mata Turanci.

Mun isa shagon Madam Salamatu da rana tsaka, muka tarar a rufe. Na kusa da shi ma a rufe, layin gaba ɗaya shiru. Na ce wa Baba Yohanna lalle wani babba ya rasu a unguwar, muka cire hula muka zauna a inuwa da fuskar ta'aziyya. Wani mai wucewa muka yi wa gaisuwar rashi, ya ce ba wanda ya mutu, abinci suka tafi ci su ɗan kwanta, kullum haka suke yi. Baba Yohanna ya ce shekara talatin yana gadi ana korar mutane a kan barcin rana, ashe ƙasar da ta dace da shi tana nan kusa.

Wajen la'asar ta iso a kan babur ɗinta, mace mai jiki, da tabarau a goshi. Mahaifiyarta 'yar zango ce, don haka Hausa ba ta ba mu wahala ba. Ta jona Gwaggo da allonta, ta ce in rubuta sunana yadda na saba. Na miƙa yatsa inda na san harafin A yake zaune, na tarar da wani a wurin. Na ɗauka karatun ne ya zube a hanya. Ta yi dariya ta ce allon haruffan na Faransa ne, haka suke jera nasu.

Ta yi 'yan danne-danne, ta jingina da kujera.

"Kawu, ba abin da ya lalace. Wanda ya yi darussan nan ya rubuta musu ranar mutuwa tun ranar haihuwa. Kullum in kun kunna ta sai ta dubi kalandar da ke cikinta. Ranar da ta ga kwanan ya cika, ta rufe baki."

Baba Yohanna ya ce, "To shi Allah ne?"

"Ɗan kasuwa ne," in ji ta.

Abin da ta yi shi ne ta goge inda Gwaggo ta rubuta cewa ta ga ranar, sannan ta mayar da kalandar baya shekara huɗu. Ta kashe, ta kunna. Muryar nan ta fito a tsakiyar Kwatano, "Barka da zuwa. Mu fara darasi." Ni mutum ne mai riƙe kansa, amma sai da na juya na kalli bango.

Madam ta ce akwai sharaɗi. Kada a jona ta da intanet, kada wani ya gyara mata kwanan wata. In ta sake ganin ranar gaskiya za ta kulle, kuma kulli na biyu ko ita ba ta yi alkawarin buɗewa ba. Kalandar kuma tafiya take yi, don haka duk bayan babbar Sallah in mayar da ita baya shekara guda. Ta sa na yi a gabanta har hannuna ya riƙe. Na tambaye ta ko wannan ba ƙarya ba ce muke yi wa baiwar Allah. Ta ce, "Kyauta aka ba ku ita da darussanta, ba aro ba. Kuma wace gwaggo ce take faɗin shekarunta na gaskiya?"

Dawowa ba ta da labari sosai. Jami'in Seme ya hango gicciyensa ya ce, "Ta warke?" Muka ce ta warke, ya ce a gaida mutanen gida. A wannan karon mun biya mata kujera, ta zauna kusa da taga.

A Ushafa na yi wa aji bayani dalla-dalla, amma kowa ya fahimta yadda ya ga dama. Mama Ladi ta cire kalandar bango ta kai gida. In Malama za ta rubuta kwanan wata a allo, sai wata ta tashi ta lulluɓe Gwaggo da zani. Wani ya ambaci shekarar da muke ciki da ƙarfi, aka yi masa caa har ya fita ya dawo da sallama. Malama ta yi ta cewa Gwaggo ba ta da kunne, ba wanda ya saurare ta. Ni ma da na san gaskiyar, in na zo kusa da ita sai in ji na rage murya.

Jami'in ya zo ranar da ya ce. Dattijo ne mai sanƙo, da kaftani fari da waya biyu a hannu. Ya zauna gaban Gwaggo, ya danna harafi, ta ce madalla, ya yi murmushi. Ya sa Mama Ladi ta haɗa kalma, ta haɗa. Har ya fara miƙewa, sai idonsa ya sauka a kusurwar allon.

"Af, kwanan watanku ba daidai ba ne. Bari in gyara muku."

Ya ɗora hannu a kan maus. Na ji Baba Yohanna yana jan numfashi zai fara aikin da aka zaɓe shi dominsa, sai na taka masa ƙafa. Na matsa na durƙusa kusa da kujerar na ce, "Ranka ya daɗe, kafin ka danna, ka ba ni aron kunnenka." Na ba shi labarin tun daga Emeka har Madam Salamatu, ban ɓoye komai ba, har akuyoyin. Na ce in doka ta ce sai an gyara, ga ta nan a gabansa, amma daga ranar ba mu da aji.

Bai ɗauke hannunsa ba har na gama. Ya sake matsawa ya kalli shekarar da ke kusurwar, ya daɗe yana kallo. Sannan ya shafa kansa.

"A wannan shekarar," in ji shi, "ina da gashi."

Ya saki maus ɗin a hankali kamar ƙwai. Ya ce shi abin da aka aiko shi ya gani na'ura mai aiki ce, kuma ya gani. Da na raka shi mota ya rage murya ya ce akwai wani injin ɗab'i a ofishinsu da ya daina karɓar tawada ba gaira ba dalili, ya ake zuwa shagon matar nan? Na ce ya nemi kwando tukuna, kuma kada ya isa da rana tsaka.

To, jama'ar teburin shayi, labarin ke nan, ku bar ni in sha da zafinsa. Ajinmu yana nan. Babbar Sallah ta wuce, na ƙara mayar da Gwaggo baya shekara guda da hannuna, ba ta yi ƙorafi ba. A waje ana cewa na fara karatu a makare, kuma gaskiya ne. Amma duk yammar da na cire takalmi na shiga ɗakin nan, shekara biyar nake ajiyewa a bakin ƙofa.